Yayana da Irin Tumatirin Ubanmu

Na Allah ne mu, kuma wurinsa muka nufa gaba ɗayanmu. Yayana dai ya riga ni isa.

Ranar da ya rasu, tun kafin a fito da makara ƙofar gidansa a Dundaye ta cika, har mutane suna jingina da katangar maƙwabta. Manoman fadama sun zo da laka a ƙafafunsu, ba su wanke ba sai da aka tashi yi masa salla. Matan da ke sayen busasshen tumatir a hannunsa sun shigo cikin gida suka zube, ɗaya tana ta maimaita cewa shi kaɗai ne abin da ke saman buhunsa shi ne a ƙasa. Maƙwabcinsa na lambu, wanda suka yi shekaru suna faɗa kan hanyar ruwa, shi ya fi kowa kuka. An ce mini da aka zo sa shi a kabari, shi ya ture samari ya sauka da kansa.

Ni ina zaune bakin ƙofar ɗakin matarsa, inda nake ganin mai shiga da mai fita. Ba ni da saurin hawaye. Abin da Allah ya ba ni ido ne da kunne, da su kuma na lura gaisuwar ta rabu iri biyu. Mace za ta shigo ta durƙusa gaban matarsa ta ce, "Ya haƙuri? Allah shi jiƙanshi." Ta juyo gare ni ta faɗi haka. Amma in ta kai kan ɗiyarsa, wadda ke karatun aikin gona a jami'a, sai murya ta yi ƙasa, ido ya kauce, a wuce da sauri.

Kafin la'asar na ji dalili. Wasu tsofaffi biyu na zaune kusa da randa, ɗaya ta karkata wajen ɗayar.

"Wai garin nan na, farin nan da yarinyar ta kawo daga makaranta. Shi yash shaƙa."

"Ai an ce ko ido bai ganin ƙwayarshi. Abin da ido bai gani, mi za ya hana shi shiga ƙirji?"

Na juya na dube su, suka sauya zance. Amma magana ta riga ta kai zaure. Da aka idar da magariba, babban ɗansa, mai sayar da kayan miya a kasuwa, ya shigo ya tsaya tsakar gida, idanunsa jajur.

"Gwaggo," ya ce, "in anka yi sadakar ukku, zan tai lambu in tuge tumatirin nan duka in sa mai wuta. Ba ni barin ko ɗaya."

Abin da ke tsaye cikin lambun nan shi ne ƙarshen irin tumatirin ubanmu. Babu sauran ƙwaya a gorar ajiyar iri, babu a hannun kowa. 'Ya'yan tumatirin kuma ba su nuna ba tukuna, in aka tuge su a haka ba a samun iri. Ban amsa masa ba, don ba na musu da yaro a gaban baƙi.

Ni ban yi makaranta ba, ba na rubutu. Ɗiyar yayan nawa na zaunar da takarda, na ce abin da ya fito bakina shi za ta sa, har inda ya taɓa ta. Ina so jikokinsa su san wane ne shi, kada maganar bakin randa ta zama ita ce labarinsa.

Yayana mutum ne da rabo ya dame shi. Tun muna yara, in uwarmu ta ba mu ƙosai ɗaya, sai ya yi ta juya shi yana neman tsakiya har ya huce. Ran Babbar Salla kuwa kowa ya san za a sha jira. Zai kasa nama a kan tabarma, ya tsuguna, ya ɗauke tsoka daga nan ya mayar can, ya ja baya ya duba, ya sake dawo da ita. Matarsa takan leƙo ta ce, "Malam, kahin ka gama naman ga ya yi wari." Shi ko ɗago kai ba ya yi. A lambu ma haka. In yau ya fara ban-ruwa daga gabas, gobe daga yamma zai fara, wai kada wani fangalin shuka ya zama kullum shi ne na ƙarshe.

Na taɓa ce masa, "Yaya, fangali yana da baki da za ya kai ƙararka?"

Ya ce, "Bai da baki, Auta. Ni dai ina da ido."

Auta yake kirana har na yi furfura. Mu biyu kaɗai muka rayu cikin 'ya'yan ubanmu.

Kada wani ya ɗauka mai sanyin hali ne. Faɗansa da maƙwabcin nan na lambu har masu wucewa a hanya suna tsayawa saurare. Wannan ya ce an toshe masa ruwa, wancan ya ce an cinye masa iyaka. Wata shekara injin ban-ruwan maƙwabcin ya lalace ana tsakiyar zafi, albasarsa ta fara kwanciya. Yayana ya ja tiyonsa ya tsallaka da shi, yana ba albasar ruwa yana zagin mai ita. "Ba don kai nika yi ba," in ji shi, "don albasar nika yi. Ita ba ta taɓa zagina ba." Washegari suka ci gaba da faɗansu daga inda suka tsaya.

Da mijina ya rasu ya bar ni da yara a Mabera, tsinkar farko ta kowace shekara gidana take zuwa, shi da kansa yake kawowa. Bai taɓa cewa taimako ba ne. Sai ya ajiye kwando ya ce, "Ki ɗanɗana ki gaya min ko ya yi tsami bana." Ni kuma in ya yi tsami in ce ya yi. Yakan ce duk Sakkwato ni kaɗai ce ban taɓa yaba masa tumatir ba, shi ya sa yake kawo mini.

Ba zan ce ba shi da aibi don ya mutu ba. Yana da taurin kai. Likita ya ɗora shi kan maganin hawan jini, yakan sha in matarsa na tsaye a kansa, in ta juya baya ya tura ƙwayar cikin aljihu, wai tana sa shi jiri a rana. Na yi masa faɗa a kan wannan har na gaji.

Tumatirin ubanmu ƙarami ne, mai tsaga-tsaga kamar kabewa, fatarsa siririya. Ba ya jure dogon zama a mota, shi ya sa masu kai kaya Kudu ba sa son sa. Amma kaɗan daga cikinsa ya isa miyar gida, in an shanya shi kuma jansa ba ya gushewa. Ubanmu ya koya wa yayana yadda ake ɗebe irinsa. A bar mafi kyau su nuna luguf a jikin uwa, a matse su cikin ƙwarya, a bari ya yi tsami, a wanke, a shanya kan faifai a inuwa, a cuɗa da toka, a zuba cikin gora a toshe bakinta. Da can yayana yana rabar da dashe kyauta ga duk wanda ya tambaya, bai taɓa sayarwa ba. A hankali mutane suka koma irin gwangwani na shago, har ya zama shi kaɗai ya rage da na gida. Babban ɗansa ya sha ce masa ya bi sahu, shi kuwa ya ce ƙarshen lambu dai na ubansa ne.

Sai cutar ta zo. Shuka lafiya lau da safe, ganye kore shar, ƙasa a jiƙe. Da rana ta yi tsaka sai ta yi yaushi kamar an hana ta ruwa, da yamma ba ta miƙewa, gobe ta kwanta. Rani biyu a jere tana cin lambun. Abin da ya samu na iri bara ko tafin hannu bai cika ba, tsohon da ke gora kuma ya daina tsirowa sosai. Bana ya juye gorar gaba ɗaya, ya shuka duk abin da ya rage.

Ɗiyar tasa sunan uwarmu ta ci, don haka Uwata yake ce mata. Ina wurin ranar da ta zo lambun. Ta nemo wata shukar maƙwabta da cutar ta kama, ta yanke karan, ta tsoma cikin kofin gilas mai ruwa. Muna kallo wani farin zare ya fara zubowa daga karan kamar madara.

Ta ce, "Baba, ka ga cutar nan. A ƙasa take, ta saiwa take shiga, ta toshe wa shuka hanyar ruwa."

Sannan ta fito da kwalba mai farin gari. Ta ce sunan sinadarin maganiziyam, ba baƙo ba ne a ƙasa, shi ganye ke buƙata kafin ya yi kore. Abin da suka yi a wurin karatunsu shi ne sarrafa shi ya ƙanƙance ƙwarai, har garin kwalli ya zama tsakuwa in an gwada su. Nano suke ce wa irin wannan ƙanƙantar. A dama shi da ruwa a fesa wa shuka, a zuba mata a gindi, wai yana rage ƙarfin cutar, yana kuma tayar da shukar ta kare kanta.

Na ce, "Wai, ko tabbas?"

Ta ce, "Wai, Gwaggo. Shi ya sa nake so mu gwada."

Wannan amsa ta yi mini. Na fi yarda da mai cewa wai da mai rantsuwa.

Ta kafa sharuɗɗa. In zai yi feshi ya sa takunkumi da safar hannu. Abin da aka fesa wa ba a ci, ba a sayarwa, sai an auna shi a makaranta. Na ƙarshen shi ne a raba lambun biyu, rabi a fesa masa, rabi a bar shi yadda yake.

Yayana ya dube ta. "Rabi a ba su magani, rabi a bar su?"

"Eh, Baba. In an ba duka, ko sun rayu ba mu san abin da ya raya su ba. In kuma garin ƙona su zai yi, rabin da ba a taɓa ba shi zai tsira da irin."

Ya ce to. Ni na ga fuskarsa. Dalili na biyu ya kama, na farko ko kunnensa bai shiga ba. Ta kafa sanda mai farin ƙyalle a ɓangaren da za a fesa wa, mai jan ƙyalle a ɓangaren da za a bari. Ta dama maganin cikin jarka ta ajiye masa a bukka, ta nuna masa ranakun feshi.

Lokacin sanyi komai ya tafi daidai. Da zafi ya fara shigowa, ɓangaren jan ƙyalle ya soma yaushi. Na farin ƙyallen ma wasu sun faɗi, amma ba kamar wancan ba. Matarsa ta aiko mini cewa ya rage cin abinci, in ya dawo gida sai ya zauna ya yi tagumi. Na je Dundaye na kwana, da safe na bi shi lambu ba tare da na gaya masa ba.

Rana ta ɗan ɗago. Na bi ta ɓangaren jan ƙyallen, na ga ɗigo-ɗigon fari ya bushe a kan ganye. Na leƙa bukka, jarkar ta yi ƙasa fiye da yadda ya kamata. Takunkumin yana rataye jikin ginshiƙi, gizo-gizo har ya yi saƙa a kansa.

Na ce, "Yaya, mi nag gani ga ganyen can?"

Ya ce, "Raɓa ta."

"Raɓa ba ta barin fari in ta bushe."

Ya ajiye kalmensa na noma, ya zauna kan kunyar lambu.

"Auta, uba ɗaya ya bar muna su. In tsaya ina ba wanga, ina kallon wancan yana faɗuwa, maganin kuma yana hannuna?"

"Ka yi wa yarinya alkawari."

"Na yi."

"To ka gaya mata, ko ni in gaya mata. Tana can tana rubuta abin da ba shi na ba."

Na ba shi kwanaki, bai gaya mata ba. Na gaya mata. Ko yau aka sake, haka zan yi.

Ta zo lambun da yamma, ni ma na biyo ta, don na san abin da na kunna. Ba ta ɗaga murya ba, da ta ɗaga ma da ya fi sauƙi. Ta bi ɓangaren jan ƙyallen tana juya ganye ɗaya bayan ɗaya, shi yana tsaye hannuwa a baya kamar wanda aka kai gaban alƙali.

Ta ce, "Baba, aikin shekara guda ka zubar mini."

Ya ce, "Uwata, ga wasu nan tsaye. Ba ki murna?"

"Ina murna. Amma in gobe wani manomi ya tambaye ni, ya sa garin nan ko kada ya sa, me zan ce masa? Waɗannan da suka tsaya, ban sani ba ko maganin ne, ko dama za su tsaya. Kai ma ba ka sani ba."

Ta tuge sandar jan ƙyallen ta jefa cikin bukka, ta ɗauki jarkar, ta tafi.

Ta yi makonni ba ta leƙo ba. Ya riƙa aika mata zogale da rake, tana karɓa, ba saƙon komai. Sau ɗaya ta dawo kafin ya rasu, maƙwabcin lambu ne ya ba ni labari. Ya ce ta shiga tana ƙirga waɗanda suka rayu, rana tana dukan ƙeya, sai yayana ya ɗauko tsohuwar laima daga bukka ya bi bayanta yana riƙe mata. Daga farkon lambu har ƙarshe ba wanda ya yi magana. Da za ta tafi ta ce, "Baba, kana shan maganinka?" Ya ce yana sha. Da matarsa ta zo wanke rigunansa bayan rasuwarsa, ƙwayoyin na cikin aljihu.

Wata rana bayan azahar yayana ya faɗi, a bakin bukkar. Maƙwabcin ne ya gan shi ya kira mutane. A asibiti likita ya ce jini ne ya hau ya fashe masa a kai. Bai sake magana ba.

To, ran sadakar uku. Ƙanwa ba ta takaba, kwana ukunta ta yi ta fita. Ana gama addu'a, maza na watsewa, na ja mayafina na bi hanyar fadama. Na ɗauko buzun yayana daga bukka na shimfiɗa a bakin lambu na zauna. Tumatirin ya fara yin ja ta gindi, amma da saura.

Ba a jima ba babban ɗansa ya iso, kalme a kafaɗa, galan ɗin fetur a hannu. Ƙanwarsa na biye da shi nesa kaɗan. Maƙwabcin ya bar aikinsa ya matso bakin shinge.

"Gwaggo, ki tashi don Allah."

"Ajiye abin hannunka ka gaishe ni tukuna."

Ya ajiye, ya durƙusa, ya gaishe ni. Sannan ya miƙe.

"Gwaggo, kin ji abin da aka faɗi cikin gari. Jiya wani ya tambaye ni ko kayan rumfata daga lambun ga suke. In maganar ga ta zauna, ba mai sake sayen ko attarugu a hannuna, ba mai sayen na maƙwabta. Kuma ni na ji tarin Baba da kunnena, tun da ya fara feshin nan yake tari." Ya juya wajen ƙanwarsa. "Ke, ki rantse gaban Gwaggo ba garinki na ya kashe shi ba."

Ta ce, "Yaya, likita ya ce hawan jini ne, kai ma kana tsaye ya faɗi. Wannan na sani. Tarin kuwa, na ce ya rufe hanci bai rufe ba, ban san abin da feshin ya yi masa a ƙirji ba. Ba zan rantse kan abin da ban auna ba."

Ya ce, "Kin ji ko, Gwaggo?" Ya sunkuya ya ɗauki kalmen.

Ban motsa ba. Na ce, "An raba gadon ubanka?"

"Ba a raba ba."

"To da izinin wa za ka ƙona kayan marayu da na matar da ke cikin takaba?"

"Gwaggo, ni na babba. In anka zo rabo a cire cikin nawa."

Na ga wannan ba za ta tsayar da shi ba. Yaron ba mugu ba ne, tsoro ne da baƙin ciki suka haɗu masa, yana neman abin da zai sa wa wuta.

Na ce, "Saurara. Ƙasar ga taku ta, ba ni da komi ciki. Inji naku na, bukka taku ta. Amma irin da ke cikin tumatirin ga na ubana na. Da ya rasu an raba gona, an raba gida, an raba awaki. Gorar iri ba wanda ya raba ta, na bar wa ubanka riƙo don shi ke noma. Ina da kashi ɗaya cikin ukku, ban yafe ba, ban sayar ba. Ka nuna min wane tumatir na nawa, wane na naku, sai ka ƙona naku."

Ya tsaya da kalme a hannu. Daga bakin shinge maƙwabcin ya ce, "Ina wurin ran da anka raba gadon kakanka. Ba a kawo maganar gora ba."

"Ba da kai nika magana ba," in ji yaron.

"Na sani. Ubanka ma haka yake ce min."

Yaron ya dubi lambun, ya dube ni. "To in bar shi mutane su yi ta tsinka suna miya da shi?"

Na ce, "Ko ɗaya ba ya shiga tukunya, ko ɗaya ba ya zuwa kasuwa. Ita ma ƙanwarka tun ranar farko haka ta ce. Ni ka tsaron shi har ya nuna. In na ɗebe iri, ka zo ka sa wutarka kowa ya gani."

Ƙanwar ta ce, "In an gama ma ƙonawar ita ce daidai, Yaya. Har saiwa za a tuge, cutar na ciki."

Bai ce ya yarda ba. Ya ɗauki galan ɗinsa ya juya. Ya yi nisa kaɗan ya tsaya, ba tare da ya waiwayo ba ya ce, "In na ji an ga ko ɗaya a tiren talla, ba na sake tambayar kowa."

Daga ranar na tare a Dundaye. Kullum in na idar da asuba in kama hanya, sai magariba ta kawo jiki in dawo, maƙwabcin ya karɓe ni don a fadama yake kwana. Shi ke ba tumatirin ruwa, yana yi yana mita cewa ko a mace mutumin nan bai daina sa shi aiki ba. Na kori awaki, na kori tsuntsaye. Wata mata ta zo da ɗan kwano tana roƙon na miya, mai buƙata ce ta gaske, na hana ta, ta tafi tana cewa da mai lambun na nan da bai yi mata haka ba. Gaskiya ta faɗa. Ina zaune wasu shukokin suka ci gaba da yaushi a gabana, da na wannan ɓangaren da na wancan. Ban san ko za a kai ga samun komai ba sai da na ga jan ya game jikinsu.

Da suka nuna luguf, ni da ɗiyar yayana muka tsinke. Ta ware 'yan kaɗan za ta kai makaranta a auna. Sauran muka matse cikin ƙwarya, muka haƙa rami muka binne ɓawon da ruwan. Yayanta ya zo ya tuge karan duka ya tara, ya sa wuta da rana tsaka, hayaƙi ya tashi har ana hangowa daga bakin hanya. Ya tsaya har ta cinye. A nan na ga ya yi kukan da bai yi ba ranar jana'iza.

Irin da ya bushe a faifai ya fi na bara, ko da yake ba wani mai yawa ba ne. Na kira su biyun da uwarsu, na kasa shi uku a gabansu. Ban yi ta juya shi ba, ni ba yayana ba ce. Kashi biyu na cuɗa da toka na zuba a gora, na miƙa wa babban ɗansa, na ce ya rataye a ɗakin ubansa, in za a shuka a nemi ƙasar da cutar ba ta taɓa shiga ba. Ya karɓa da hannu biyu.

Na ukun na ƙulle a ƙyalle na aje gaban ɗiyar.

Na ce, "Wanga nawa na. In ruwa ya janye daga fadama, ki sake kafa sandunanki. Rabi ki fesa mai, rabi ki bar shi."

Ta ce, "Gwaggo, na jan ƙyallen zai iya mutuwa duka. Rabon naki ke nan."

Na ce, "Na sani. Ni zan zauna bakinshi, jarkar kuma ki riƙe ta a hannunki."

Zan iya zama in kalle su suna kwanciya ɗaya bayan ɗaya, ban miƙa hannu ba. Yayana ne bai iya ba. Allah ya dube shi da irin idon da ya dubi shukar nan, ya yafe masa kurakuransa, ya sanyaya masa makwanci.